Neman kalma: wasan da ake bugawa da motsin hannu da wanda ake bugawa da yatsa

Mai tambaya, daga Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakonku kan kalmomi biyu. Ina rubuta wa yaran gidanmu bayanin wasannin bidiyo da Hausa, domin da zarar an kunna talabijin an ɗauki hannun wasa, Hausa ta bar ɗakin ke nan, sai kalmomin Larabci, sai yad, sai azrar, sai shariɗ. Ba na ƙin Larabci, a cikinsa aka haife su, amma ina so abin da suka fi ƙauna ya zama yana da suna a harshen kakanninsu.

Inda na tsaya shi ne abin da Turawa ke kira motion controls da button controls, Larabawa kuma su ce tahakkum bil haraka da tahakkum bil azrar. Maganar ta fi tasowa a tsoffin wasannin na'urar Wii da ake yi wa kwaskwarima a sake fitar da su a na'urar Switch. Wii ta fito a 2006, an sayar da fiye da miliyan 100, kuma da kaɗa rimot aka san ta. Skyward Sword, na jerin wasannin Zelda, ya fito a kanta a 2011, ba a buga shi sai da motsa hannu. Da aka sabunta shi a watan Yulin 2021, sai aka ba mutum zaɓi, ko ya yi sara da hannunsa kamar da, ko ya zauna ya yi komai da yatsu. Waɗannan zaɓi biyu nake son saka wa suna. Na rubuta "sarrafa motsi" da "sarrafa maɓalli", amma ba su kwanta mini ba.

Wata malama, daga Madina:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka da alheri. Kunnenka ya gaya maka gaskiya. "Sarrafa motsi" na nufin motsin ne ake sarrafawa, alhali wasan ake sarrafawa, motsi kuwa shi ne abin aikin. Sai ka ce "sarrafawa da motsi" kafin ma'ana ta miƙe, kuma babu yaron da zai faɗi wannan yana tsakiyar wasa. Ga shi "sarrafa" ta fi tafiya wajen masana'anta, a sarrafa gyaɗa, a sarrafa fata.

Ina kuma jan kunnenmu mu da ke zaune a nan kan haraka. Ta shigo Hausa tun da daɗewa ta zama harka, amma ta bar ma'anar motsi a hanya, ta koma sha'ani da kasuwanci. Yaron Makka zai ce "wasan haraka" ya gane kansa, ɗan'uwansa na Kano ko Damagaram zai ɗauka wata sana'a ake nufi. Duk kalmar da za mu tsayar, ta zama za ta iya hawa jirgi ta sauka gida a gane ta.

Mai gyaran na'urori, daga Makka:

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ni ba ɗan nahawu ba ne, aikina buɗe waɗannan hannuwa da gyara su. Kafin a raɗa suna ina so a san yaron, domin abin da ake kira motsi ba abu ɗaya ba ne.

Akwai kaɗi. Rimot ɗin Wii na farko yana da wata na'ura a ciki mai jin an fizge shi, amma ba ta iya bin juyin hannu daki-daki. A Twilight Princess na 2006, ko ta ina ka kaɗa, Link, jarumin wasan, zai yi saran da aka tsara masa ne kawai. A Super Mario Galaxy na 2007 ka girgiza rimot Mario ya yi juyi. A Donkey Kong Country Returns na 2010 ka girgiza ya mirgina. Duk wannan danna maɓalli ne da aka mayar wuyan hannu. Shi ya sa da aka zo kwaskwarima ba a sha wahala ba: a 2020 aka ɗora juyin Mario kan maɓallin Y, Twilight Princess na 2016 ya koma kan tsarin maɓallai na GameCube, na'urar da ta gabaci Wii, kuma ba abin da ya ragu a wasan. Har ma wasu suka ji daɗi, domin yatsa ba ya kuskure kamar kaɗi.

Akwai nuni, kuma shi na fi jin takaicin rashinsa. Siririyar sandar nan da ake ɗorawa kan talabijin, mutane na zaton ita ke ganin rimot. Ba haka ba ne. Fitilu ne kawai a gefenta biyu masu hasken da ido ba ya gani, kyamarar tana bakin rimot ɗin, ita ke kallon fitilun ta san inda ka nuna. Saboda haka ne idan sandar ta lalace, kyandir biyu a gaban talabijin suna iya tsaya mata. Tunda akwai abin da rimot ke kallo a waje, saitin ba ya gocewa ko ka kwana kana wasa. Switch ba ta da wannan sanda. Hannun wasanta, Joy-Con, yana lissafin juyin da ka yi ne daga inda ka fara, da abin da 'yan wasa ke kira jairo, kuma ɗan kuskuren lissafi yana taruwa a hankali har ka ga hannunka na kallon tsakiya alamar tana can gefe. Dole a ware maɓallin maido da saiti, R a Mario Galaxy, Y a Skyward Sword. Wanda bai buga Resident Evil 4 na Wii ko Metroid Prime Trilogy na 2009 ba, bai san yadda nuni na gaskiya yake ba.

Sai sara, wanda ya zo bayan an ƙara wa rimot Wii MotionPlus, na'ura mai bin juyin hannu, a 2009. A nan takobi na bin hannunka. Akwai wani tsiro mai cizo a Skyward Sword da ke buɗe baki wani lokaci a kwance wani lokaci a tsaye, in ba ka sare shi daidai tsagar bakin ba takobin ya dawo maka. Abokan gaba suna tare gefe ɗaya da makaminsu, sai ka duba inda suka bari a buɗe. Babban abokin gaba na farko ma kama takobin yake da yatsunsa idan ka nuna masa ta inda za ka zo. Wannan ba a iya zuba shi cikin maɓalli ɗaya.

To kalma ɗaya za ta ɗauki duka ukun? Ku masana ku duba.

Wani ɗalibi, daga Riyad:

Gaisuwa ga manya. Ni ɗan Switch ne, Wii a gidan kawuna na gan ta. Shawarata "linzami" ko "tuƙi": linzamin motsi da linzamin maɓalli.

Amma Baba mai gyara, akwai abin da nake so a lura da shi a ɗaya ɓangaren. A Skyward Sword na 2021, abin da suka kira tsarin maɓalli ba da maɓalli ake sara ba. Da analog na dama ake yi, ƙaramar sandar nan da ake murzawa da babban yatsa. Ka fizge ta dama takobi ya tafi dama, ka fizge ta a karkace ya sara a karkace. Kuma tunda takobi ya cinye analog ɗin, in kana son juya kyamara sai ka riƙe L tukuna. Wanda ya saba da sauran wasanni zai yi ta zare takobi alhali waige yake son yi, sai hannu ya saba. Wanda ke buga shi da motsi kuwa analog ɗinsa na dama a sake yake, yana waige yadda ya so. Kenan sunan da Turawa da Larabawa suka ba shi bai faɗi gaskiyar abin ba. In muka fassara shi yadda yake, mun ɗauko kuskurensu mun kawo gida.

Ni dai da yatsa nake bugawa, kuma ba lalaci ba ne. Switch Lite nake da ita, wadda ta fito a 2019, hannuwanta a manne suke ba a cire su. Da ba a ƙara wannan tsari ba, da wasan ya wuce ni. Ga mu huɗu a ɗaki ɗaya, ba wurin miƙa hannu.

Malama, daga Madina:

Ɗana, ka kawo abin da ya fi duk abin da muka faɗa. Bari in fara da kalmominka. Linzami ya riga ya yi aiki biyu, ga linzamin kwamfuta ga makami mai linzami, in muka ƙara masa na uku mai karatu zai zaci na'ura ake nufi, ba hanyar bugawa ba. Tuƙi kuwa zai yi daidai a wasan mota, amma mai takobi ba tuƙi yake ba.

Ina ba da shawarar akala. Kowa ya san igiyar da ake jan raƙumi da ita, kuma Hausa ta riga ta fitar da ita daga wuyan raƙumi, muna cewa an juya akalar zance, an karkata akalar mulki, akala na hannun wane. Ma'anar da muke nema ke nan, abin da kake riƙe da shi har wani abu ya bi nufinka. Gajeriya ce, kuma tana karɓar ɗafi ba wahala.

Sai in bi maganarka in ce bambancin ba tsakanin motsi da maɓalli yake ba. Tambayar ita ce wace gaɓa ce wasan ke saurare. A ɗaya yana sauraren yadda ka motsa abin da ke hannunka gaba ɗaya. A ɗayan abin yana zaune wuri guda, yatsu ne ke aiki, ko danni ko murza. Don haka: akalar motsi da akalar yatsa. "Yatsa" ta haɗiye maɓalli da analog da na bayan nan da ake ja da manuniya, ba ta bar ko ɗaya a waje ba.

Mai gyaran na'urori, daga Makka:

Malama, akalar yatsa ta shige ni nan take, domin abin da ke lalacewa a hannuwan da ake kawo mini duk inda yatsa ke taɓawa ne. Abu biyu nake tsoro. Yaranmu na nan in suka ji akala, kunnensu zai tafi ga iƙali, baƙar igiyar da ake ɗorawa kan ƙyallen kai, wadda asalinta dabaibayin raƙumi ce. Dabaibayi hana tafiya yake, mu kuwa tafiyarwa muke nufi. Na biyu, ai yatsa ma motsi yake. Me zai hana a ce akalar hannu?

Malama, daga Madina:

Malam, na biyun na da amsa a bakin yaran da kansu. Hannu ya riga ya zama sunan abin riƙewar, yad a nan, kuma mai tambaya ma "hannun wasa" ya rubuta tun farko. In ka ce akalar hannu, za a ce ai dukansu da hannu ake yi. Na yi tunanin akalar jiki, amma ta fi dacewa da Kinect na 2010, wanda kyamara ke kallon mutum tun daga kai har ƙafa ba ya riƙe komai. A Hausa in aka ce wa mutum "motsa", ba a nufin ya kaɗa ɗan yatsa. Motsi ya isa.

Na farkon kuwa ban ɗauke shi aibi ba. Yaro ya tambaya ko akala ita ce iƙali, a ce masa a'a, wannan ta ja ce waccan ta ɗauri, ya ƙaru da kalma ɗaya da karin magana a kanta. Kaɗi da nuni da sara da ka lissafo, a bar su yadda ka faɗe su, su zama rassa a ƙarƙashin akalar motsi. Ban ga abin da zan gyara a cikinsu ba.

Mai tambaya, daga Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na gwada su a jimla kafin in amsa, ga yadda suka fito:

"Wannan wasan asalinsa na akalar motsi ne, da aka yi masa kwaskwarima aka ƙara akalar yatsa."

"Mayar mini da shi akalar yatsa, kafaɗata ta gaji."

"Nunin ya goce, maido da saiti."

Duka sun zauna a baki, na ɗauke su. Zan faɗi ra'ayina kan asalin maganar, tunda zan rubuta shi a bayanin. Duk kamfanin da zai sabunta wasan Wii, hakki ne a kansa ya saka akalar yatsa. Akwai yaro a danginmu da hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, yatsunsa kuwa lafiya lau, kuma da wannan tsari ne ya shiga wasan da a da sai dai ya zauna yana kallo. Amma ban yarda a cire akalar motsi don an kawo ta yatsa ba. Inda kaɗi ne kawai, a cire, ba asara. Inda sara ne, wasan a kansa aka gina shi, kuma wanda ya buga Skyward Sword da yatsa kaɗai ya gama labarin amma bai ji abin da masu ƙirƙirarsa suka so hannunsa ya ji ba. A bar biyun, mai wasa ya zaɓa.

Saura guda. Metroid Prime, wanda asalinsa na GameCube ne a 2002, da aka sabunta shi a watan Fabrairun 2023 ya zo da tsari huɗu, kuma ɗaya daga ciki haɗi ne: tafiya da yatsa, saitin bindiga da karkata hannu. Masu buga Splatoon ma haɗa yatsa da jairo suke yi tun 2015. Na rubuta "akalar haɗaka" na ajiye da fensir. Malama, ko "akala biyu" ta fi?

Malama, daga Madina:

Haɗaka ta fi, ƙanena. Akala biyu na iya nufin mutum biyu ke wasa. Rubuta ta da biro.