Zaman dadiro tsakanin ɗalibai, wai me ke kawo shi ne?

Baban Ilham:
Salam jama'a. Ni ke kula da gidan hayar mahaifinmu a Hayin Dogo, kusan duk ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya ne a ciki. To wani yaro ya kama ɗaki shi kaɗai, ba a jima ba sai ga yarinya wai ƙanwarsa ce ba ta samu gado a hostel ba, yanzu kullum kayanta ne a igiyar shanya, ita ce girki ita ce wanke-wanke, kuma ko yare ɗaya ba sa ji balle a yi maganar kama. Maƙwabta sun fara tare ni a masallaci. Don Allah me ke jefa yaran nan cikin wannan zama, kuma ya kuke ganin zan yi?

Ummi Samaru:
Yaya gaskiya kuɗi ne kan gaba. Ba kowa ke samun gado a hostel ɗin mata na Amina ko Ribadu ba, in kin rasa sai dai ki maƙale wajen wata ko ki fita waje, a waje kuma ga kuɗin shekara ga na ejan ga gas ga ruwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, sai saurayi ya ce ki zo mu haɗa tukunya kafin ki samu wuri, daga sati ɗaya sai a wayi gari semesta ta ƙare. Sannan akwai rashin idon sani, wadda ta taho daga Legas ko Binuwai wa ya san ubanta a Samaru? Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 da ya ci wata takwas ma wasu ba su koma gida ba, haya na ci, sai aka haɗe.

Abu Sumayya:
Malama talauci ba hujja ba ne. Allah cewa ya yi kada ku kusanci zina, Suratul Isra'i aya ta 32, kusanta ma aka hana. Ko a coci ba a yarda da wannan ba. Me ya hana ta haɗa ɗaki da 'yan'uwanta mata? Ni iyaye nake gani da laifi, mutum ya turo 'yarsa shekara huɗu ko sau ɗaya bai taka ya ga inda take kwana ba, sai dai tura kuɗi ta waya.

Anti Balki:
Hmm, ku dai kuna ta maganar baƙi kamar namu ba sa yi. Namu wayo suka fi, gadonta na nan a hostel don idon mutane, ranar Juma'a da yamma a zura hijabi har ƙasa a hau adaidaita sai Palladan ko Hanwa, sai Litinin da safe a wuce lakca daga can. Abin da ke ba ni takaici kuma ita ce a ƙasa kullum, yana ɗakin karatu tana gida tana jajjage, jarrabawa ta zo ta sha ƙasa, in ciki ya shiga ita kaɗai za ta san inda dare ya yi mata. Shi kuwa gogan yana gamawa ya tafi bautar ƙasa, ya dawo uwarsa ta nemo masa 'yar gidan mutunci, ba mai tambayarsa da wa ya zauna. Ita fa ko bayan shekara goma aka zo binciken aure sai an samu mai tono.

Sani Tudun Wada:
Baban Ilham kar ka bari samarin unguwa su shiga maganar, ka san halinsu, yanzu a tara musu jama'a a ɗauki bidiyo. Ka kira yaron gefe ku biyu, in ya ce aure ne ya nuna shaida, in ba haka ba ka ba shi wa'adi, ka sanar da mai unguwa. Gaba kuma ka sa sharaɗin a takardar haya tun ranar karɓar kuɗi.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai. Hayarsa sai bayan babbar sallah za ta ƙare, zan same shi yau bayan isha'i. Ummi in kin san ɗakin mata da ke neman ta biyu wajen Danraka ki min magana, yarinyar ba ta da kowa a garin nan.