Kunnen Baba ya toshe tun shigowar hunturu, me ke kawo haka?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara kan mahaifinmu. Ya haura shekara 70, kuma tun da iskar hunturu ta fara yake kukan kunnensa na dama ya cika, kamar an cusa masa auduga. Ba ya ciwo, ba ya fitar da ruwa. Amma idan ya yi magana sai ya ji muryarsa na amsa-kuwwa a cikin kai, rediyo kuwa sai ya ƙure ta har maƙwabta na ji. Abin ya fi tsananta bayan wanka. Yana da ciwon suga da hawan jini. Gwaggonmu ta ce a ɗiga masa man zaitun mai ɗumi, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Sista Hajjo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da na fi gani ga dattawa shi ne dattin kunne. Idan shekaru suka ja, dattin kan bushe ya yi tauri, gashin cikin kunne ya ƙaru ya riƙe shi. Ruwa na shiga sai ya kumbura ya rufe hanya, shi ya sa bayan wanka ya fi damunsa. Ki tambaya ko yana sakace da tsinke, ashana ko gashin kaza, don tura dattin suke yi ciki.

Man zaitun na tausasa datti, gaskiyar Gwaggo ce, amma sai an leƙa an tabbatar dodon kunne bai huje ba. Tunda yana da suga, kada ki yarda a wanke masa da sirinji a kemis. Ɗan rauni a kunnen tsoho mai suga kan iya kama ƙwayar cuta ta ci har ƙashi.

Ɗan Gusau:
Hajiya, ya yi mura kwanan nan? Akwai 'yar hanya daga bayan hanci zuwa tsakiyar kunne. Mura ko ƙura na kumbura ta, iska ta kasa shiga, wani lokaci ruwa ya taru. Mahaifiyata duk hunturu sai ta yi haka, in ta yi hamma ko ta haɗiye yawu sai ta ji ya buɗe. Sai dai likitanta ya ja kunnenmu cewa idan gefe ɗaya ne kuma ya ɗauki makonni, a duba bayan hancin.

Malam Sabo Kaduna:
Tambaya ɗaya nake da ita: a hankali ya zo, ko kwana ya yi lafiya ya tashi ba ya ji? Idan farat ɗaya ne, ko akwai jiri da ƙara a kunne, kada a jira, domin jijiyar ji ce kan taɓu, kuma maganin ya fi aiki cikin mako 2 na farko. Ku tafi da duk magungunansa. Allurar gentamicin (ta kashe ƙwayoyin cuta) da Lasix (maganin rage ruwa a jiki) mai yawa na iya taɓa ji. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan Kaduna, asibitin Malam Aminu Kano ma yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, a hankali ya zo, babu jiri. Sista kuwa kin canka: gashin kaza ne a aljihun rigarsa, kullum bayan la'asar sai ya sakace. Mun ajiye man, Yaya zai kai shi asibiti ranar Litinin in Allah ya yarda.