Hawan moto a lokacin hunturu: abin da 'yan uwa suka faɗa

Jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattara, musamman don masu kabu-kabu da masu bin hanyar Tawa zuwa Birnin Ƙonni da asuba.

1. Kowa ya yarda sanyin Disamba da Janairu a ƙirji da yatsu yake kama mutum. Riga biyu ko uku a ciki, ta sama mai tare iska, sannan safar hannu. Yatsa in ya ƙandare ba ya kama birki da sauri.

2. Rawani ko hular kwano? Nan aka rabu. Wasu sun ce rawani ya wadatar, yana tare ƙura da sanyi. Mafi yawa suka ce rawani ba ya tare kwalta in an faɗi. A naɗe hanci da baki da ƙyalle, a ɗora kwano a kai. Ni ma nan na tsaya. A kula da jelar rawani kada ta shiga sarƙa.

3. Hazo: a kunna fitila ko da rana, a rage gudu, amalanken jaki ba ya da fitila.

4. A bar inji ya ɗumama kafin a tashi, a riƙa kakkaɓe matatar iska. Man sarƙa kuwa, wasu sun ce a yawaita, wasu sun ce yawansa ke tara yashi.

5. Man kaɗanya a leɓe da hannu.