Fitsarin dare bayan dashen ƙwayoyin maganin sankarar furostet

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar wanda aka taɓa yi wa wannan aiki, ko ma'aikacin lafiyar da ya san kansa.

An gano ina da sankarar furostet (wata 'yar tsoka da ke ƙasan mafitsarar namiji, wadda hanyar fitsari ke ratsawa) tun ba ta bazu ba, aka dasa mini ƙananan ƙwayoyin sinadarin aidin-125 masu fitar da radiyeshin da ke ƙona ta daga ciki. Ba a cire su, ƙarfinsu ne ke raguwa da rabi kusan duk kwana 60. Aikin ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Fitsari ne ya hana ni sakat.

Da dare ba na samun barcin kirki. In ya matso ba ya jira, in na je kuma sai ya riƙa fita da kyar, ga zafi, na tashi ina jin da saura. Likita ya ce kumburin wurin ne ke matse hanyar, ya rubuta mini tamsulosin. Ya ɗan taimaka, amma da na miƙe tsaye sai jiri ya kwashe ni. Na rage shan ruwa da yamma, ban ga wani canji ba. Na san in fitsarin ya tsaya cak, sai asibiti nan take. Amma wannan da bai tsaya ba, bai kuma sake ni ba, yaushe ya fara yi muku sauƙi? Jirin fa, ya kuka yi da shi?

Sai batun jikata. Saboda radiyeshin ɗin da ƙwayoyin ke fitarwa, an ce kada in ɗora yara a cinya na kusan wata biyu, in kuma guji daɗewa kusa da mai juna biyu. Yarinyar ta ɗauka fushi nake da ita. Me kuka faɗa wa naku?