Mai sa kafet ya ɓata min falo, kuma yana bina cikon kuɗi, ya zan yi?

Baban Iman:
Salam jama'a dan Allah ina neman shawara. Sati biyu da suka wuce na sayi kafet a Sabon Gari saboda iyali za su tare, mai shagon ne da kansa ya haɗa ni da wani yaro yace shi ke musu shimfiɗa, ya zo ya auna falon da tef ɗinsa ya faɗi mita nawa zan saya na saya, muka yi aikin a dubu 25 na bashi 15. Ranar aikin ina kasuwa, da na dawo bayan magariba babu wuta na haska waya naga kamar lafiya lau, sai da gari ya waye na ga ta'asa. Falon faɗinsa ya fi na kafet ɗin to dole a yi haɗi na sani, amma sai ya kawo haɗin daidai bakin ƙofa inda kowa ke takawa, kuma ɓari ɗaya duhu ɓari ɗaya haske kamar kala biyu na saya, jikin bango ta wajen taga ya yanke ya gaza ana ganin siminti kusan yatsa uku, ga gam ya ɗiga a tsakiya ya bushe yayi tauri. 'Yan jere sun zo sun gani gwaggon matata tace ita ba za ta ɗora kujeru a kan wannan ba. Na kira shi yace ɗakin ne ba sukwaya ba, wai laifin magini ne, yanzu ma shi ke kirana a kan dubu 10 ɗinsa. In kai shi wajen 'yan sanda ne ko yaya?

Sani Mai Labule:
Wa alaikassalam. Ni aikin decoration nake yi to bari in gaya maka abin da ya faru. Kala biyun nan ba kala biyu bane, gashin kafet yana da inda yake kwanciya, shafa shi da hannu za ka ji, in an juya ƙyalle ɗaya aka haɗa shi a baibai to haske zai bugi kowanne daban. Ya juya ne don ragowar ta ishe shi, ma'ana awonsa ne ya gaza tun farko. Maganar ɗaki ba sukwaya ba kuwa, wane ɗaki ne sukwaya a garin nan? shi yasa ake auna bango biyun a ɗauki mai tsawon, a bar rara ta hau bango sannan a bi da wuƙa a datse. Nadin kafet yawanci faɗin mita 4 ne kowa a sana'ar ya san haka, da ya zauna ya lissafa da haɗin ya faɗa ƙarƙashin doguwar kujera. Kar ka bashi ko sisi tukuna, kuma kar ka bari wani ya taɓa aikin kafin mai shago ya zo ya gani da idonsa.

Maman Twins:
Hmm mu ma an mana, namu siminti bai gama bushewa ba aka manna, wata ɗaya ɗakin ya ɗau warin ruma sai ɗaye shi muka yi aka sa tayil. Allah ya mayar da alheri.

Lauyan Unguwa:
Malam ka bar maganar 'yan sanda, wannan saɓa yarjejeniya ce ba laifi ba, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan irin wannan, ƙarshenta ka kashe kuɗin da ya fi na kafet ɗin. Ka ɗauki hotuna da rana, ka ajiye rasit da alat ɗin transfa, ka fara da mai shago tunda shi ya turo shi. In ya zame sai shugabannin kasuwa, suna da kunyar junansu. Ƙarshe akwai kotun ƙananan bashi a Kano tun 2019, ba sai da lauya ba fom za ka cike, amma ban ga abin zai kai can ba.

Abu Hanif:
Ni dai a sassauta, yaron nan wataƙila ko kuɗin mita ɗaya ba shi da shi. Ya sake aikin kyauta kawai a wuce wajen.

Sani Mai Labule:
Abu Hanif sakewa da me? ɓarin da ya gaza ba ya miƙuwa fa, sai an sayo sabo.

Baban Iman:
Na gode ƙwarai. Jiya bayan la'asar na ɗauko Alhajin shagon a mashin ɗina, yana shiga ya shafa kafet ɗin sau biyu bai ce komai ba ya kira yaron yace ya same shi yanzun nan. An tsaya a kan Alhaji zai bada mita 2 daga nadin da aka yanko nawa, yaron ya haƙura da dubu 10 ɗin, ni zan sayi gam, kuma wani babba ne zai zo ya sake haɗin ranar Asabar ina tsaye. Tabon gam ɗin ne dai suka ce ba lallai ya fita ba, gwaggo tace senta tebur zai rufe.