Abokina Bajamushe ya gayyace ni yawon ƙauyukan inabi da gidan iyayensa, in je ko in kawo uzuri?

Sani_Mannheim:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Wata bakwai ke nan ina karatu a Mannheim, to akwai wani abokin karatuna Bajamushe da muke ɗasawa sosai, shi ne ya ce ranar Lahadi in bi shi garinsu kusa da Neustadt, da safe mu zaga ƙauyukan da ake noman inabi, da yamma mu wuce gidan iyayensa. Abin da ke damuna yankin kaf ɗinsa sana'arsu giyar inabi ce, hanyar ma sunanta Weinstrasse wato titin giya, kuma babansa ma yana da 'yar gona. Ina jin nauyin in ƙi, ina kuma tsoron a miƙo min kofi in rasa yadda zan yi. Sannan me ake riƙewa a hannu in za a je gidan mutane a nan?

Maman_Iman:
Wa alaikumus salam ƙanina. Je ka abinka, amma tun yau ka faɗa wa abokin naka ɓaro-ɓaro cewa ba ka shan giya ba ka cin alade, ya sanar da mamansa. Mutanen nan ba su san kara irin tamu ba, in ka ce a'a sun ɗauka a'a ce, ba mai jin haushi, abin da zai ɓata mata rai shi ne ta wuni a kicin sannan ka zo kana juya cokali a faranti.

Inda nake so ka buɗe ido yanzu da ake kakar inabi shi ne abin da suke kira Neuer Wein ko Federweisser. A bakin hanya ake sayar da shi, launinsa gurɓi-gurɓi kamar kunun zaƙi, ga zaƙi ga ɗan tsami, wlh in ba a faɗa maka ba za ka rantse lemo ne, alhali ruwan inabi ne da ya fara tsima, giya ce. Ni saura ƙiris in kurɓa a shekarata ta farko. Wanda za ka nema sunansa Traubensaft, shi ne ruwan inabi zalla, kusan duk mai gona yana da shi. Sai wainar albasar da ake haɗa shi da ita, Zwiebelkuchen, galibi da 'yan gutsattsarin alade a ciki. Saumagen kuwa kar ma ka tambaya, tumbin alade ne da aka cusa wa nama da dankali, shi tsohon shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl ya riƙa kai manyan baƙinsa irin su Gorbachev na Tarayyar Soviet su ci a garin Deidesheim.

Tsaraba kuma fure ya isa, ko cakulan, ko dabino in kana da mai kyau. Ka saya tun Asabar don Lahadi shaguna a rufe suke. In an ce ƙarfe 3 to 3 ɗin ce. Iyayen ka ce musu Sie, wato "ku" ta girmamawa a Jamusanci, har sai sun ce ka daina.

Baban_Khalifa:
Duk abin da Hajiya ta faɗa haka ne. Ni dai wuraren zan ƙara maka. Hanyar kamar kilomita 85 ce, daga Bockenheim har Schweigen a bakin iyakar Faransa, a 1935 aka buɗe ta zamanin Hitla don a samar wa manoman kasuwa, so ba za ku gama ta a wuni ɗaya ba. Ka ce ya kai ka ƙauyukan Rhodt da St. Martin, tsofaffin gidaje ne masu katako a jikin bango, titi na dutse, inabi ya yi rumfa daga wannan gida zuwa wancan. In da sauran ƙarfi ku hau gidan sarautar Hambach, nan ne a 1832 dubban mutane suka taru suna neman 'yanci da haɗin kan Jamus ɗauke da tutar nan mai baƙi da ja da ruwan zinare. Daga sama kana hango gonakin a jere kamar an yi musu kitso. A Bad Dürkheim kuma akwai wata ƙatuwar ganga mai cin lita miliyan 1.7, gidan abinci ne a cikinta, hoto kawai za ka ɗauka ka wuce. Ka sa takalmi mai kyau, yawo a wajensu ƙafa ce.

Abu_Hafsat:
Ni fa ban ga abin rawar jiki ba. Kallon gona da gine-gine ba laifi, amma kar a manta akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya. Ka tambayi malami kafin Lahadin, ba 'yan zaure ba.

Maman_Iman:
Gaskiyarka malam. Shi ya sa zai fi masa sauƙi ya tsaya a shan kofi da kek na la'asar, wannan ba a kawo giya a kai yawanci, sai ya kamo jirgin ƙasa kafin abincin dare, Neustadt zuwa Mannheim kamar rabin awa ne. Amma ko a kek ɗin in ka ga mai cakulan da kirim da ceri a sama ka tambaya, ana zuba masa barasa.

Sani_Mannheim:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je na dawo. Kofin la'asar na tsaya kamar yadda Hajiya ta ce, maman ta yi kek na tuffa da hannunta, baban kuma ya ja ni gona yana nuna min yadda ake yankan nonon inabi da ɗan almakashi, da na ce masa mu ma manoman gero ne a gida sai hira ta ɓarke, har sallar la'asar a falonsu na yi. Dabinon da na kai kafin in tafi an cinye rabi. Ya haɗo ni da kwalabe biyu na Traubensaft, sai da na karanta takardar jikinsu sau uku a jirgi kafin na buɗe ɗaya.