Shawarwari kan raya laburaren jama'a a zamanin intanet

Da ma'aikatan laburare da masu karatu suka tattauna kan makomar ɗakunan karatu na jama'a, yawancinsu sun yarda cewa laburare ba zai kai labari ba idan ya ce zai yi tsere da wayar hannu wajen saurin kawo bayani. Ƙarfinsa yana ga wurin zama kyauta da kuma mutumin da zai taimaka. Wanda ya zo cike fom ɗin neman aiki, bai iya liƙa takarda a imel ba, abin da yake buƙata shi ne ma'aikaci ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Saboda haka a horar da ma'aikata, a sa intanet mai ƙarfi da wuraren cajin waya, a kuma riƙa buɗewa da yamma bayan an tashi aiki.

An ba da misalin laburaren Oodi na Helsinki, babban birnin Finlan, wanda aka buɗe a 2018, inda ban da littattafai har kekunan ɗinki da ɗakunan naɗar sauti akwai. Ba kowa ke da irin kuɗin Finlan ba, gaskiya. Soke tarar makara wajen mayar da littafin aro kuwa ya fi sauƙi, kamar yadda laburaren New York ya yi a 2021.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne littafin kwamfuta, wato wanda ake karantawa a waya ko kwamfuta. Laburare ba ya mallakarsa, lasisi yake saya. Kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya ƙayyade aro sau 26 ga kowane lasisi tun 2011, daga nan sai a sake biya. Shi ya sa aka ce kada a yi gaggawar kwashe littattafan takarda daga kan kantoci.